GORO DA MAKULLIN BARCI: TARIHIN YADDA AKA GANE CEWA SIFFAR MAGANI ITA CE AIKINSA

Gabatarwa



Abin da zan yi magana a kansa yau abu ne da babu wanda bai san shi ba a zauren nan. Duk wanda ya bi hanya daga Jushi zuwa kasuwar Sabon Gari, ko ya tsaya a tashar mota ta Samaru, lalle zai ga faifan goro an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Direban da zai kwana a hanya yakan saya, mai gadi yakan saya, haka nan ɗalibin da jarrabawa ta matso masa. Dukansu sun san goro yana korar barci. Amma da za a tambaye su ta yaya yake yin haka, sai a ji shiru.

Wannan tambaya ba ƙarama ba ce. Hausawa sun san aikin goro tun ƙarnuka biyar da suka wuce, amma masana kimiyya sai da suka yi fiye da shekara 150 suna bincike kafin su sami amsa. Amsar kuwa ita ce: sinadarin da ke cikin goro yana aiki ne saboda siffarsa ta yi kama da siffar wani sinadari da jikinmu yake yi da kansa, kama ta kusa, amma ba cikakkiya ba. Tarihin wannan kama, da abin da ya fito daga cikinta, shi ne batunmu.

Goro a Ƙasar Hausa

Goro ba ya fita a ƙasar Hausa. Itacen kurmi ne, yana son inuwa da ruwa mai yawa. Masana harshe ma suna danganta kalmar kanta da harsunan Mande da Songhai na yamma, inda ake samun sunaye masu kama da ita. Watau da abin da sunansa duk baƙi ne, amma baƙin da suka zama 'yan gida.

Tsohon littafin Tarihin Kano ya ba Zazzau matsayi na musamman a wannan labari. Ya nuna cewa a zamanin Sarauniya Amina ne goro ya fara shigowa ƙasar Hausa, sa'ad da Sarkin Nufe ya aiko mata da gaisuwar goro 10,000. Littafin ya ambaci wannan a cikin labarin Sarkin Kano Dauda, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1421 zuwa 1438, ko da yake waɗansu masana suna sanya zamanin Amina a ƙarni na 16. Har wa yau littafin ya ce a zamanin Abdullahi Burja, magajin Dauda, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja.

Wannan hanya ta Gwanja ita ce ta zama jijiyar fataucin goro, musamman a ƙarni na 18 da na 19. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato a ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu. Sai su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su bi ta Yandi har Salaga, babbar kasuwar da Asante ke kawo goro. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Kambarin Barebari da Agalawa da Tokarawa su ne suka shahara da wannan sana'a, kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a littafinsa kan ayarin goro, wanda maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a nan Zariya a 1980. Gwanintarsu ba a ciniki kaɗai ta tsaya ba. Goro ɗanyen kaya ne, tilas a riƙa kwance huhu a hanya, a tsince wanda ya lalace, a sake ganye, a yayyafa ruwa. Wannan ma ilmi ne.

Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, sa'an nan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai hanyar ta soma mutuwa. Fatake irin su Alhassan Ɗantata suka koma bi da goro ta teku daga Ankara zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kuma noman goro ya bazu a ƙasar Yarabawa, musamman wajen Shagamu, sai tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Sabon Garin Zariya kansa ɗan wannan zamani ne, a gefen tashar jirgi ya tashi. Goron da a dā sai sarki da attajiri, ya zama na kowa. Ya shiga ɗaurin aure da suna, ya shiga harshe: goron gayyata, goron sallah, goron albishir.

Turawa Sun Tatso Sinadarin

A lokacin da ayari ke kai da kawowa tsakanin Kano da Salaga, masu harhaɗa magunguna a Turai sun duƙufa ga wani aiki dabam, watau tatso ainihin abin da ke aiki a cikin tsirrai. A 1819 wani matashin Bajamushe, Friedlieb Runge, ya fitar da wani farin gari mai ɗaci daga 'ya'yan gahawa. Shi ne sinadarin da za mu kira kafeyin, don kada ya rikice mana da tamu kalmar ta “kafin”. A 1827 aka sami irinsa a ganyen shayi, aka ba shi wani suna dabam, sai a 1838 aka tabbatar ashe abu ɗaya ne. A 1841 wani Barashe, Woskresensky, ya sami ɗan'uwansa a cikin koko, aka sa masa suna tiyoburomin.

Goro ya shiga wannan layi a 1865. Wani likitan sojan Ingila da ya yi aiki a Afirka ta Yamma, William Daniell, tare da masanin sinadarai John Attfield, suka nuna cewa kafeyin ɗin nan na gahawa da shayi shi ne a cikin goro. A 1883 Heckel da Schlagdenhauffen a Faransa suka auna, suka sami kafeyin wajen kashi 2 cikin 100 na busasshen goro, da ɗan tiyoburomin kaɗan. Daga nan Turai da Amurka suka shiga yayin magungunan ƙarin kuzari na goro, kuma a cikin wannan yayi ne aka fito da Coca-Cola a 1886, wanda rabin sunansa sunan goro ne. A 1888 Albrecht Kossel ya fitar da na uku daga shayi, watau tiyofilin.

Ga 'yan'uwa uku ke nan: kafeyin, tiyoburomin, tiyofilin. Dukansu fari ne, dukansu da ɗaci, amma aikinsu a jiki ya bambanta. Kafeyin ya fi wartsakar da ƙwaƙwalwa. Tiyofilin ya fi buɗe hanyoyin numfashi da motsa zuciya. Tiyoburomin kuwa rago ne, ƙarfinsa kaɗan. Me ya raba su?

Siffa da Aiki

Tunanin da ya buɗe hanya ya fito ne daga Jami'ar Edinbara. A 1868 Alexander Crum Brown, masanin sinadarai, da Thomas Fraser, likita, suka yi wani gwaji. Shi Fraser ɗin ya riga ya yi suna da bincike kan wani wake mai guba na ƙasar Kalaba, saboda haka yana da alaƙa da ƙasarmu. Suka ɗauki gubar sitirikinin, wadda ke sa jiki sanƙarewa da jijjiga, suka liƙa mata wani ɗan ƙaramin gungu da ake kira metil, watau ƙwayar kabon ɗaya da ta haidirojin uku. Sai gubar ta juya hali: maimakon jijjiga, sai ta riƙa sakar da jiki ya shanye. Ƙari kaɗan a siffa, juyi babba a aiki. Daga nan suka yanke cewa aikin magani ya dogara ne ga yadda aka gina ƙwayarsa.

Wanda ya gano ginin 'yan'uwan nan uku shi ne Emil Fischer na Jamus. Ya haɗa kafeyin da hannunsa a ɗakin gwaji a 1895, ya kammala tantance siffarsa a 1897, aka ba shi lambar Nobel a 1902. Abin da ya gano yana da sauƙin fahimta. A ɗauka an gina ɗaki biyu da suka haɗa bango, ɗaya mai kusurwa shida, ɗaya mai kusurwa biyar. Tun da sun yi tarayya a kusurwa biyu, jimlar kusurwoyin tara ne, masana suka lambanta su daga 1 zuwa 9. Wannan gini, da ƙwayoyin oksijin biyu a jikinsa, shi ake kira zantin. Gungun metil kuwa mu ɗauke shi kamar hula da ake ɗora wa kusurwa.

Kafeyin yana da hula uku, a kusurwa ta 1 da ta 3 da ta 7. Tiyofilin yana da biyu, a ta 1 da ta 3. Tiyoburomin ma biyu, amma a ta 3 da ta 7. Iyakar bambancin ke nan. Tiyofilin da tiyoburomin ma kayan gininsu ɗaya ne sak, ƙwaya 21 kowanne, wurin zaman hula ɗaya kawai ya raba su.

Fischer ne kuma ya kawo misalin makulli da kwaɗo a 1894, cewa sinadari ba ya aiki sai inda siffarsa ta dace, kamar yadda makulli ba ya buɗe kowace ƙofa. A 1905 John Langley na Kambirij ya kawo ra'ayin cewa a jikin ƙwayoyin halitta akwai wani abu da ke karɓar magani, kuma Paul Ehrlich na Jamus ya bi wannan hanya. Wannan abu mu kira shi makarɓi, jam'i makarɓai. To, an ga makulli. Ina kwaɗonsa? Wannan sai da ya ci wajen shekara 70.

Kwaɗon da Aka Daɗe Ana Nema

Amsar ta ɓullo ta wata hanya da ba a zata ba. A 1929 a Kambirij, Alan Drury da Albert Szent-Györgyi suka yi wa dabbobi allurar wani abu da suka tace daga tsokar zuciya, sai bugun zuciya ya ragu, jijiyoyin jini suka buɗe. Abin da ya yi wannan aiki shi ne adenosin da danginsa.

Mene ne adenosin? Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da makamashi da ake kira ATP. In ATP itacen girki ne, adenosin shi ne tokarsa. Gwargwadon wutar da aka hura, gwargwadon tokar da za ta taru. Jiki kuwa ya mai da wannan toka ɗan aike: duk inda ta yi yawa, alama ce an yi aiki da yawa, a sassauta. A zuciya tana rage bugu. A jijiyoyi tana buɗe hanya jini ya ƙaru. A ƙwaƙwalwa tana rage surutun ƙwayoyin jijiya, mutum ya soma hamma.

Da farko ba a haɗa wannan da kafeyin ba. A 1962 Butcher da Sutherland a Amurka suka nuna cewa kafeyin da tiyofilin suna hana wani sinadari mai rusa saƙo a cikin ƙwayar halitta yin aikinsa, aka daɗe ana koyar da cewa sirrin ke nan. Amma akwai matsala: yawan kafeyin da ake bukata don wannan aiki ya zarce abin da goro ko shayi ke sanyawa a jini nesa ba kusa ba. A 1970 Sattin da Rall suka lura cewa adenosin yana aika saƙo a yankakkiyar ƙwaƙwalwar dabba, kuma kafeyin da tiyofilin suna tare wannan saƙo. A 1978 Geoffrey Burnstock a Landan ya ware makarɓan adenosin daga na ATP. A 1979 van Calker da abokansa a Jamus suka nuna makarɓan iri biyu ne, A1 da A2. Sa'an nan a 1981 Solomon Snyder da John Daly da abokan aikinsu suka jera dangin zantin, suka auna ƙarfin kowanne wajen toshe makarɓin adenosin, suka auna kuma yadda kowanne ke sa ɓera kazar-kazar, sai jeri biyun suka yi daidai gwargwado. Wanda ya fi toshewa shi ya fi wartsakarwa.

A farkon shekarun 1990 aka tabbatar makarɓan huɗu ne: A1, A2A, A2B da A3. A 1997 aka nuna a kan kyanwa cewa adenosin yana taruwa a wani sashe na ƙwaƙwalwa muddin ana farke, ya ragu in an yi barci. A 2005 aka gwada ɓerayen da aka haifa ba su da A2A, aka ba su kafeyin, bai hana su barci ba, alhali waɗanda ba su da A1 ya hana su. A 2008 a Amurka aka fitar da hoton ginin A2A, ƙwaya bayan ƙwaya, kuma a 2011 aka ga kafeyin zaune a cikinsa. Gani ya kori ji.

Hula Uku, Wutsiya Ɗaya

Yanzu mu sa adenosin da kafeyin gefe da gefe. Adenosin kashi biyu ne. Kansa, wanda ake kira adenin, gini ne mai ɗaki biyu, mai kusurwa shida da mai kusurwa biyar, irin na kafeyin. Amma a jikinsa akwai wutsiya, wani sukari mai suna ribos, maƙale a kusurwa ta 9. Kafeyin yana da kai, ba shi da wutsiya.

Shi makarɓi kuwa dogon zare ne na furotin da ya ratsa bangon ƙwayar halitta sau bakwai, kamar ɗinki, ya bar rami a tsakiya. In adenosin ya zo, kansa yakan zauna a ramin, wutsiyar kuma ta zurma can ciki ta kama bango, ta jawo shi. Wannan jawowa ita ke motsa makarɓin, ya buɗe ta ciki, saƙo ya wuce. Kafeyin yakan shiga ramin nan ya zauna a wurin kai, amma da yake ba shi da wutsiya, ba ya jawo kome. Makulli ne da ya shiga kwaɗo, bai juya ba, ya kuma hana na gaskiya shiga. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Ma'anar wannan tana da muhimmanci ga ɗalibai. Goro ba ya ƙara wa mutum ƙarfi ko ɗigo. Abin da yake yi shi ne tare ɗan aiken da ya zo da saƙon gajiya. Tokar tana nan tana taruwa a bakin ƙofa. Bayan kamar awa biyar rabin kafeyin ya bar jini, ƙofofi su soma buɗewa, bashin barci ya faɗo gaba ɗaya. Haka nan wanda ya saba da goro ko shayi kullum, jikinsa ya daidaita da zaman wannan baƙo. Ranar da ya rasa, adenosin ya sami fili, jijiyoyin kai su buɗe fiye da kima, ciwon kai ya taso. Wannan yana cikin dalilan ciwon kan da masu cin goro ke ji a kwanakin farko na azumi.

Hulunan fa? Bincike ya nuna hular kusurwa ta 1 ita ce mafi muhimmanci wajen riƙe makarɓi. Tiyofilin yana da ita, shi ya sa yake da ƙarfi, har ya ɗan fi kafeyin. Tiyoburomin ba shi da ita, shi ya sa ya zama rago. Hantarmu ma wannan wasa take yi: takan cire wa kafeyin hula ɗaya. Wajen kashi 80 cikin 100 hular kusurwa ta 3 take cirewa, abin da ya rage sunansa farazantin, kuma da yake hular ta 1 tana nan, yana ci gaba da hana barci kamar uban gidansa.

Da masana suka gane haka, sai suka shiga ƙera makullai da gangan. Suka lura kusurwa ta 8 a buɗe take, tana fuskantar wani fili a cikin makarɓi. A shekarun 1980 aka tsawaita hulunan kusurwa ta 1 da ta 3, aka liƙa wani zobe mai kusurwa biyar a ta 8, aka sami sinadarin da ake kira DPCPX, wanda ya fi kafeyin riƙe A1 fiye da sau dubu, bai kuma damu da sauran ƙofofin ba sosai. Da aka sa wani dogon reshe shimfiɗaɗɗe a wannan kusurwa ta 8, sai makullin ya bar A1 ya koma A2A. A ɓangaren adenosin ma haka: muddin an bar masa wutsiyarsa yana buɗe ƙofa, amma in an yi masa ƙari a saman kai sai ya fi son A1, in a kusurwa ta 2 ne sai ya karkata ga A2A. Kafeyin makullin kowace ƙofa ne, mai rauni. Aikin masana shi ne mai da shi makullin ƙofa ɗaya, mai ƙarfi.

Daga Faifan Goro Zuwa Gadon Asibiti

Wani zai ce, ina amfanin wannan duka ga mai jinya? Ga misalai.

Adenosin kansa magani ne. In zuciya ta kama wani irin gudu na fitar hankali, akan yi allurarsa a jijiya da sauri, ya taka mata birki ta A1, kuma cikin daƙiƙa goma jiki ya share rabinsa. An amince da shi don wannan aiki a Amurka a 1989. A 2008 aka fito da rigadenosan, wanda aka yi wa ƙari a kusurwa ta 2, don ya buɗe jijiyoyin zuciya lokacin ɗaukar hotonta. Waɗannan magunguna biyu kafeyin yana tare musu ƙofa. Saboda haka in likita ya tambayi mutum ko ya sha shayi ko gahawa, to, goro ma yana cikin lissafi, a faɗa masa.

Wancan makulli mai dogon reshe a kusurwa ta 8 shi ya zama istiradefilin, maganin da ake ƙarawa ga masu ciwon karkarwa na Fakinsan. Japan ta amince da shi a 2013, Amurka a 2019. In aka dubi zanensa, kafeyin ne aka yi wa gyara. Amma ba kowane makulli ne ya yi nasara ba. An ƙera rolofilin don ya toshe A1 a ƙoda, ya taimaki masu ciwon zuciya su fitar da ruwa. Da aka gwada shi a kan majinyata fiye da 2,000, sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna bai amfane su ba, waɗansu ma ya jawo musu jijjiga, domin A1 ɗin da ke ƙoda akwai irinsa a ƙwaƙwalwa, inda yake aikin birki. Dacewa da kwaɗo dabam, warkar da mutum dabam.

Misalin da ya fi shafarmu kuwa shi ne na bakwaini. Jaririn da aka haifa kafin watanninsa su cika, sashen ƙwaƙwalwarsa mai kula da numfashi bai nuna ba, yakan ɗauke numfashi yana kwance, kuma adenosin yana cikin masu danne wannan sashe. A 1973 aka fara ba irin waɗannan jarirai aminofilin, watau tiyofilin da aka sarrafa don ya narke a ruwa. A 1977 a Kanada aka gwada kafeyin. Sai aka ga abin mamaki: hantar bakwaini takan ɗora wa wani kaso na tiyofilin hular kusurwa ta 7, ta mai da shi kafeyin. Bugu da ƙari, wannan hula ɗaya ta raba su a wajen haɗari. Tiyofilin, tazarar da ke tsakanin ƙimarsa mai amfani da mai cutarwa ƙanƙanuwa ce, ana ba da shi sau biyu ko uku a rana, ana bukatar auna jini. Kafeyin tazararsa mai faɗi ce, sau ɗaya a rana ya isa. Wani babban gwaji a kan jarirai 2,006, wanda sakamakonsa ya fito a 2006 da 2007, ya nuna kafeyin yana rage ciwon huhu mai daɗewa da naƙasar ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ba a rasawa, kuma a 2022 ta ba da shawarar a riƙa ba bakwaini shi.

Abin takaici shi ne, a asibitoci da yawa na Afirka an daɗe ana komawa ga aminofilin, saboda tataccen kafeyin na jarirai yakan yi tsada ko ya yi wuyar samu. Ƙasar da ke cikin manyan masu noman goro a duniya, sinadarin da ke kan kowane faifai a bakin asibiti, shi ne ke wuyar samu a ɗakin jarirai. Amma a kiyaye: wannan ba izini ba ne a jiƙa goro a ɗura wa jariri. Abin da ya raba magani da guba shi ne tsabta da awo, goro kuwa ba a san yawan abin da ke cikin kowace ƙwaya ba. Ko babba ma, hukumar kula da abinci ta Turai ta sa iyaka a miligiram 400 a rana, mai ciki kuwa 200, domin jikinta yana jinkirin fitar da shi.

Kammalawa

Daga wannan tarihi abu uku nake so mu riƙe. Na farko, suna da kama ta ido ba hujja ba ne. Namijin goro ya ci sunan goro, yana da ɗaci, ana sayar da su a faifai ɗaya, amma itace ne na wani dangi dabam, kuma sinadaransa ba zantin ba ne. Shayi da goro kuwa, da ba su yi kama ba ko kaɗan, makulli ɗaya suke ɗauke da shi. Mai son sanin aikin tsiro, tilas ya gangara har ga siffar ƙwayarsa.

Na biyu, sanin gargajiya da binciken ɗakin gwaji ba kishiyoyi ba ne. Fataken Gwanja sun san abin da goro ke yi. Masana sun gano dalilin. Daga dalilin aka ƙera sababbin magunguna. Amma ribar ta tafi inda aka yi kashi na biyu da na uku na aikin. A nan Samaru akwai cibiyar binciken aikin gona da ta samo asali tun 1922, akwai jami'a tun 1962, da tsangayar harhaɗa magunguna, ga asibitin koyarwa a Shika. Akwai kuma ɗaruruwan saiwoyi da ɓawo da ganye a kasuwar Sabon Gari da ke jiran irin tambayar da aka yi wa goro. Ma'aikatan da ke tsara kasafin kuɗi da sayen magunguna, su ne ke yanke ko za a yi wannan tambaya, su ne kuma ke yanke ko bakwaini zai sami maganin da ya dace da shi.

Na uku ya shafi mu masu nazarin harshe. Mun yi wannan bayani duka da ɗaki da kusurwa da hula da wutsiya da kwaɗo, ba mu rasa kalma ba. Uwar da ke zaune a bakin ɗakin jarirai tana da hakkin a yi mata bayanin abin da ake ba ɗanta da harshen da take ji, haka nan direba da mai gadi da ɗalibi. Wannan aiki yana wuyan ɗaliban Hausa da na kimiyya tare, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.